Kaji Kada Su Wuce Shida

A jikin ƙofar gida Iya ta sami takardar, an manne ta da salatif ta kusurwa huɗu. Shara ta fito zubarwa. Ta ajiye bokitin, ta ɓamɓare takardar a hankali don kada ta yage, ta juya ta gaba, ta juya ta baya. Akwai shuɗin hatimi a ƙasa, da sa hannu a karkace. Iya ba ta yi boko ba, amma shekarunta sun isa ta san cewa takarda mai hatimi ba gaisuwa take kawowa ba.

Ta dubi layin dama da hagu. Wa za ta nuna wa? Layi ne mai kyau, wannan babu gardama: kwalta a shimfiɗe, katangu dogaye, kowace ƙofa ta ƙarfe ce da sabon fenti. Amma da ƙarfe bakwai na safe ta yi, motoci suka gama fita, shi ke nan, ko tari ba za ka ji ba. Shekara biyu ke nan da ɗanta ya ɗauko ta bayan rasuwar maigidanta, ya kama mata wannan gida mai ɗaki biyu da ɗan fili a baya, ya ce nan ya fi kusa da asibiti. Wata uku da zuwanta kamfaninsu ya tura shi wani gari mai nisa, ya kwashi matarsa da yaransa suka tafi. Asibitin dai yana nan kusa, ba wanda ya ɗauke shi.

Abin da ta zo da shi, ban da akwatin kaya da tukwane, kaji ne. Huɗu mata: Wake-wake, da Fingi, da Baƙa, da Gurguwa wadda ƙofa ta taɓa datse wa ƙafa. Na biyar zakara ne, ja, mai zanko a tsaye, wanda take kira Sajan saboda yadda yake taku a filin yana duba kowa, sai ka ce shi ya gina gidan.

Kuma a duk layin nan, Sajan ne kaɗai yake amsa mata magana. Ba wasa nake yi ba. In ta ce, "Sajan, yau fa gwiwar nan da rigima ta tashi," sai ya karkata kai, ya kalle ta da ido ɗaya, ya yi wani ɗan gurnani a maƙogwaro. Matan ba ruwansu, su dai a watsa tsaba. Takan kwana biyu, wani lokaci uku, ba ta yi magana da ɗan Adam ba, amma muryarta ba ta dishe don rashin amfani ba, tunda tana da wanda take yi wa mita. Da asuba shi ke tashinta. Cara uku yake yi, ta huɗu kuwa sai ta amsa masa daga ɗaki ta ce, "Na ji, ai ba kurma ba ce ni."

Ta koma ciki ta kira ɗanta. Sai da ta kira sau uku ya ɗauka.

"Iya, ina cikin aiki. Ki ɗauki hoton takardar ki turo min."

"Da me zan ɗauka? Wayar nan da ka ba ni, sunanka ma da ƙyar nake lalubo shi."

"To ki kai wa wani ya karanta miki. In ma a kan kajin nan ne, don Allah Iya ki rabu da su ki huta. Zan sa a riƙa kawo miki ƙwai har gida."

Ta ce to. Ba ta tsaya yi masa bayanin cewa ba don ƙwai take kiwo ba, don ta ji ana kiransa a can ɓangaren.

Mai shagon kan kwana ta kai wa. Mutum ne mai ƙiba, ba ya son dogon zance, amma yana da kirki. Ya shimfiɗa takardar a kan kantar shagon tsakanin sabulai, ya karanta, ya ɗago kai.

"Iya, ƙararki aka kai."

"Ni? Wa na taka?"

"Ba su sa suna ba. An ce kina kiwon kaji a cikin gari ba izini. Sun ba ki kwana goma sha huɗu, ko ki samo takardar izini daga ofishin gari, ko a zo a kwashe su."

"Izinin kaza? Kaza dai da na sani? Ikon Allah! Nan gaba sai mun nemi izinin atishawa."

Mai shago ya yi 'yar dariya ya koma kan mai sayen sukari. Iya ta naɗe takardarta ta kama hanya, tana kallon ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi mata ciwo, kuma ba tsoron hukuma ne ya fi ci mata rai ba. Ashe akwai wanda ya san da ita a layin nan. Ya san gidanta, ya san lambar ƙofarta, ya iya zama ya rubuta ta a takarda, amma bai taɓa tsayawa ya ce mata ina kwana ba.

Washegari ta ɗaura zanenta na zuwa unguwa, ta watsa wa kaji tsaba, ta ce wa Sajan ya kula da gida, ta hau mota zuwa ofishin gari.

Kai, ofishin nan! Taga ta farko an rubuta ta dabbobi ce, wani mai gadi ya nuna mata. Ta bi layi har ta kai, matar da ke ciki ta ce su shanu da awaki suka sani, kaza ba dabba ba ce a wajensu, ta hau sama. Ta hau bene da gwiwar nan tata, taki ɗaya hutu ɗaya. A sama aka ce in dai akwai akurki to gini ne, ta je sashen gine-gine. A sashen gine-gine wani saurayi mai cin gyaɗa ya tambaye ta ko akurkin na bulo ne. Ta ce na katako ne da raga. Ya ce to ba gini ba ne, ta sauka sashen tsafta. A sashen tsafta aka ce mai kula da abin ya fita, ta jira. Ta jira har aka fara rufe tagogi, sannan aka ce ta dawo gobe.

Ta dawo goben, ta dawo jibin. Ga wani abu da ko ɗanta ba ta gaya wa ba: bencin jiran nan ya yi mata daɗi. Akwai wani tsoho da ya zo a kan maganar magudanar ruwa, da wata mai gidan abinci da aka rufe wa shago, suna zaune suna zagin ofishin tare, ana miƙa wa juna ruwa. Mai gidan abincin ma har ta dafa mata kafaɗa tana dariya da ta ji labarin kaza ba dabba ba ce. Rabon Iya da a dafa ta ana dariya, ta manta.

Rana ta uku aka shigar da ita wajen akawun da ke kula da abin. Mutum ne siriri mai tabarau, da wata fanka a bayansa tana juyi ba iska. Ya ba ta kujera, ya ce, "Sannu Iya, an wahalar da ke." Ya jawo wani ƙaton fayil, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layi, yana karantawa da yaren ofis yana mayar mata da Hausa.

"Na ɗaya, kaji kada su wuce shida."

"Shida?"

"Shida."

"Biyar gare ni."

"Madalla. Na biyu, akurki ya zama a rufe, kuma ya yi nisan mita uku daga katangar maƙwabci. Kamar taku huɗu ke nan, manya. Na uku, tsafta, ba wari ba ƙuda. Na huɗu, maƙwabta biyu da kuka haɗa katanga su sa hannu cewa sun yarda. In kin gama, duba-gari zai zo ya gani, sai a buga miki hatimi."

To, a nan ne aka yi ɓarnar, kuma ba wanda ya yi ta da gangan. A yaren da aka rubuta dokar, kalmar da ke kan layin farko ta matan kaji ce zalla, masu ƙwai. Zakara yana da tasa kalmar daban, kuma tana can shafi na gaba, cikin jerin abubuwan da aka hana gaba ɗaya. Akawu ya ga kalmar, bakinsa ya ce kaji, don me zai ce? Ita kuwa Iya, da duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo, in an ce kaji, ai har da zakaran. Ka taɓa jin an ce a kora kaji da zakara cikin akurki? Ya tambayi kaji, ta ƙirga kaji. Ya rubuta biyar a cikin akwatin da aka ware wa matan kaji a takardar, ta dangwala yatsa, ta yi masa addu'a har da iyayensa. Shafi na gaba kuwa ba a buɗe shi ba, don akwai mutum takwas a benci suna jira.

Ta koma gida da ƙarfinta. "Sajan," ta ce tun daga ƙofa, "ashe ma muna da gurbin mutum ɗaya. In ka ga dama ka ƙara aure."

Aikin akurki ya ci mata kwana biyu. A jikin katangar hagu yake tun zuwanta, don nan ne inuwa. Ta auna taku huɗu, sai ta tuna akawu ya ce manya, ita kuwa takunta na tsohuwa ne, ta ƙara biyu don kada a zo a sami abin faɗa. Filin ƙarami ne, in ka yi nisa da katangar hagu ka matso ta dama. Ta auna daga can ma, ta sami wuri ɗaya tak da ya yi daidai, a tsakiyar fili, ƙarƙashin igiyar shanya. Ta kwance igiyar. Akurkin ya fi ƙarfinta ɗauka, sai ta sa sandar tsintsiya da wani guntun bututu a ƙarƙashinsa, tana turawa yana gangarawa kaɗan, ta ciro na baya ta mayar gaba. Kajin suna tsaye a gefe suna kallon ikon Allah. Ta kankare ƙasan wajen, ta zuba toka, ta wanke kaskon ruwa da soso har ya koma kamar sabo. Daren nan bayanta bai bar ta ta juya ba, amma ranta fari ƙal.

Saura sa hannu. Wannan ne ya fi ba ta tsoro, don shekara biyu ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba.

Maƙwabcin dama mai jar mota ne, iyakar abin da ta sani game da shi ke nan. Ta tsaya a bakin ƙofarsa tun ƙarfe shida da rabi. Da ya fito da motar ta ɗaga takardar. Ya sauke gilashi rabi, waya a kunne. Ta fara gaisuwa, ta tambayi iyali, ta fara bayanin kaji. Ya miƙo hannu, ya ɗora takardar a kan sitiyari, ya yi wani zane, ya miƙo mata, ya ɗaga gilashi. Ko kallon abin da ya sa wa hannu bai yi ba. Da takardar sayar da gidansa ce ma da ya sa.

Maƙwabciyar hagu malamar asibiti ce. Iya takan hango ta da yamma cikin fararen kaya tana fita, da asuba kuma ta dawo tana jan ƙafa. Ita kaɗai take zaune. Da hantsi Iya ta je ta danna ƙararrawa. Shiru. Ta sake dannawa. Sai can aka buɗe ƙaramar ƙofa, malamar ta leƙo da zane a kafaɗa, idanunta a kumbure, jajaye.

"Wayyo, 'yar nan, na tashe ki. Yi haƙuri."

"Ba komai, Iya. Aikin dare nake yi. Lafiya?"

Iya ta miƙa takardar, ta yi bayani. Fuskar malamar ta ɗan ɗaure da ta ji kalmar kaji. Ta karɓa, ta karanta a tsanake, ba kamar mai jar mota ba. Ta tsaya a kan akwatin da aka rubuta biyar, ta daɗe tana kallonsa. Ita ta iya yaren ofis, abin da ta gani shi ne mata biyar, ba zakara.

"Su ke nan, Iya? Waɗannan biyar ɗin kawai za ki riƙe?"

"Su ke nan, 'yata. Ina ni ina tara garke?"

Sai fuskar malamar ta saki gaba ɗaya. Ta sa hannu, ta rubuta sunanta a ƙasa, sannan ta kama hannun Iya da hannayenta biyu. "Na gode, Iya. Wallahi na gode. Na san ba abu ne mai sauƙi ba a wajenki. Allah ya saka da alheri."

Iya ba ta gane godiyar mece ce ba, tunda ita ce ta zo roƙo. Amma wa zai tsaya binciken godiya? Hannun yarinyar da ɗumi. Ta ce, "Haba, ai maƙwabtaka ta fi haka. In Fingi ta saki, zan kawo miki ƙwai, kin ga kin rame." Malamar ta yi dariya ta ce tana jira. Iya ta koma gida tana magana ita kaɗai a kan hanya, ta zauna a kan kujerarta ta tsakar gida ta ba Sajan labari tun daga farko. Ta ce masa sun yi maƙwabciya, 'yar mutunci, mai tarbiyya, kuma ko waye ya kai ƙararsu, to ya ji kunya.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika duba-gari ya zo, a kan babur, da jaka a rataye. Dattijo ne mai furfura a gemu. Ya yi sallama, ya gaishe ta da kyau, ya ciro tef ɗinsa na awo. Ya auna hagu, ya auna dama, ya gyaɗa kai. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin akurki, ya shaƙi iska.

"Iya, na shiga gidaje da yawa a aikin nan. Akwai falon da bai kai akurkinki tsafta ba."

Iya ta ji kanta ya yi girma. Ta ce ya zauna ta kawo masa ruwa. Ya ciro hatimi da tawada ya ɗora a gwiwa, ya fara ƙirga kajin ta cikin raga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai ga Sajan ya fito daga lungun akurkin, ya miƙe, ya kaɗa fiffike, ya buɗe maƙogwaro ya saki cara ɗaya mai tsawo, a tsakiyar rana, ba dalili, don dai a san yana nan.

Duba-gari ya ajiye hatimin. "Wannan fa?"

"Shi ne na biyar."

"Iya, takarda ta ce kaji biyar."

"Ga su nan ai. Huɗu da ɗaya."

"Wannan zakara ne."

"To zakara ba kaza ba ne? Malam, uwarsa kaza ce, a ƙwai ya fito, a gabana aka ƙyanƙyashe shi. In ba kaza ba ne, agwagwa ne?"

Mutumin bai yi dariya ba. Ya buɗe jakarsa, ya ciro kwafin dokar, ya nuna mata layin farko, ya juya shafi ya nuna mata wani, duk da ya ga ba ta karatu. Ya yi mata bayani a hankali, sau biyu: abin da aka yarda da shi mata ne, zakara kuwa an hana shi a cikin gari ko ɗaya ne, saboda cara. Ya ce ba ta yi ƙarya ba, akawu ma bai yi ba, Hausa ce ta haɗa abin da takarda ta raba.

"A je a gyara takardar mana," in ji Iya. "A rubuta huɗu da ɗaya."

"In an rubuta haka, ba za a ba ki izinin ba ma gaba ɗaya. Kuma Iya, bari in gaya miki gaskiya, ƙarar da aka kai ba a kan kaji ba ce. A kan cara ce. Mai ƙarar ta ce da asuba take dawowa daga aiki, da ta kwanta sai ya fara, wata da watanni ba ta samun barci."

"Ta ce." Ashe mai ƙarar mace ce. Da asuba take dawowa. Iya ta dubi katangar hagu, inda akurkin ya shekara biyu a jingine, ta ɗaga kai ta ga tagar da ke samansa da baƙin labule. Ba sai an gaya mata suna ba. Yanzu ta gane godiyar nan, da hannu biyu da aka kama nata da su. Ba ita aka gode wa ba. Tafiyar Sajan aka yi wa murna, ita kuwa tana tsaye tana washe baki tana alkawarin ƙwai. Kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya biyo baya, har ta rasa wanda ya fi wani zafi.

Duba-gari ya ce zai dawo bayan kwana uku. In ya tarar da huɗu, zai buga hatimi a take. Ya tsaya a ƙofa yana ɗaura hularsa ta babur, ya ce, "Ki yanka shi mana, Iya. Ya yi girman miya." Da ya ga fuskarta sai ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tayar da babur.

Ranar farko fushi ta yi. Ta shirya maganganu a bakinta, masu zafi, waɗanda za ta je ta zazzage wa yarinyar. Ba ki da baki ne? Ba za ki iya ƙwanƙwasa ƙofa ki ce Iya, zakaranki na hana ni barci ba? Sai kin kai tsohuwa gaban hukuma? Ta maimaita su tana shara, ta maimaita su tana wanke-wanke, ta gwada su a kan Sajan, ya karkata kai ya saurara.

Rana ta biyu Fingi ta saki ƙwai, ya zama shida a kwano. Alkawari alkawari ne, kuma ga dalilin zuwa. Ta rufe kwanon da ƙyalle, ta fita da hantsi, maganganun nan a jere a kan harshenta. Ta tsaya a ƙofar malamar, ta ɗaga yatsa zuwa ƙararrawa. Gidan shiru. Ga takalman aiki farare a bakin ƙofa, ɗaya a kife, an tuɓe su ba a ko tsaya gyarawa ba. Iya ta tuna idanun nan kumburarru. Ta yi jinyar maigidanta wata bakwai, ta san yadda mutum yake zama in barci ya gagare shi: hannu na rawa, abu kaɗan sai kuka. Wannan kuwa da hannun nan take yi wa mutane allura. Kuma ita ma Iyar, shekara biyu, ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar nan ta ce 'yar nan, ina kwana? Ta sauke yatsan. Ta ajiye kwanon a inuwa kusa da takalman, ta gyara wanda ya kife, ta juya.

Ba ta kira ɗanta ba. Ta san abin da zai ce, kuma zai faɗe shi da murna.

Rana ta uku da sassafe ta kama Sajan. Bai yi gardama ba, ya saba da hannunta. Ta ɗaure masa ƙafafu da tsumma mai laushi, ba da igiya ba, ta sa shi a kwando, ta ƙulla tsaba a leda. Ta hau motar da ke zuwa ƙarshen gari, ta ɗora kwandon a cinya. Wata mata a gefenta ta matsa tana toshe hanci, alhali Sajan ya fi ta tsafta. Dogayen katangu suka ƙare, shaguna suka ƙare, kwalta ma ta ƙare, motar ta tsaya a inda direba ya ce nan ne iyaka.

Nan gidaje a warwatse suke, ba katanga sai shinge, kaji na yawo a bakin hanya ba mai tambayarsu takarda. Ta yi ta tafiya tana duba gidajen kamar mai neman wa 'ya miji. Wannan akwai kare. Wancan kaskon ruwansu a bushe. Sai ta kai wani gida inda wata mata ke shanya, ga kaji wajen goma suna tono a gindin bishiya, kuma ba ta ga zakara a cikinsu ba. Ta yi sallama, aka gaisa.

"Na sayarwa ne, Iya?"

"A'a, 'yata. Ba ki zan yi. Abu ɗaya nake roƙo, kada a yanka shi."

Matar ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Da ta ga tsohuwar ba dariya take ba, sai ta goge hannunta a zane ta ce, "To, Iya. Ai muna ma neman zakara."

"Sajan sunansa. Ba ya son dusa jiƙaƙƙiya. Kuma in kin yi masa magana yana ji."

"To, Iya."

Ta san to ɗin nan. Irin wadda ita ma take ce wa ɗanta ce. Amma ta tsuguna, ta kwance tsumman, ta shafa masa baya sau ɗaya, ta sake shi. Sajan ya tsaya, ya girgiza jiki, ya dubi bishiyar da abin da ke ƙarƙashinta. Sai ya sauke fiffike ɗaya ya nufe su da gudu, ɗan banza, ko waiwaye bai yi ba.

Iya ta miƙa wa matar ledar tsaba. Ta ɗan tsaya ko zai yi cara, ta ji ta ƙarshe. Bai yi ba, yana can yana tono yana kiran mata. Matar ta koma kan shanyarta. Ba abin da ya rage na tsayawa, sai ta ɗauki kwandonta ta yi sallama.

A tasha motar komawa ta kusa cika. Direban yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙirga kujeru, ya ga tsohuwa na tahowa a hankali da kwando, tana waige.

"Iya, akwai wanda kike jira ne? Ke da wa?"

"Ni kaɗai ce," ta ce, ta kama ƙarfen ƙofar ta hau.